Ɗibar jini: tambayoyinku da amsar likita

Tambaya daga wata Hajiya a Makka: Likita, duk zuwan mahaifiyata asibiti sai an cika kwalba uku da jininta, wurin kuma ya yi baƙi. Ba za a ƙarar mata da jini ba?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Jikin babba na ɗauke da jini kusan lita 5, kwalba ɗaya kuwa ba ta wuce cikin cokalin shayi biyu ba. Baƙin da kike gani jini ne ya tarwatse ƙarƙashin fata, kuma sau da yawa naɗe hannu ne ke jawo shi. Ta miƙe hannun, ta danne audugar minti 3 zuwa 5, ta ƙara lokaci idan tana shan maganin da ke hana jini daskarewa, kamar aspirin ko warfarin. Ke kuma ki tsaya a kanta: a yage ledar allura a gabanki, a bar sinadarin gogewa ya bushe, a manna sunan mahaifiyarki a jikin kwalba kafin ku tashi. Na taɓa ganin an ba wata sakamakon wata, don kawai dukansu sunansu Fatima.

Tambaya daga wani saurayi a Jidda: Zan je gwajin aure. Sai na yi azumi?

A'a, ango. Gwajin da aka wajabta a Saudiyya tun 2004 na sikila ne da talasimiya (wata cutar jini da ake gada), a 2008 aka ƙara ciwon hanta B da C da HIV. Ci abincinka. Gwajin suga ne ke son awa 8 ba ci, shi ma ana shan ruwa.

Tambaya daga wani Malam a Madina: An ce jinina ya lalace, in dawo a sake ɗiba. Ba neman kuɗi ba ne?

Malam, ka koma. Idan aka ɗaure dantse ya wuce minti 1, ko aka jijjiga kwalba da ƙarfi, ko ta sha zafi a mota, jajayen ƙwayoyin jini kan fashe, sinadarin potassium ya yi sama na ƙarya. Wanda ya ƙi karɓar irin wannan jinin ya kyauta maka.

Tambaya daga wata mai shara a wani asibiti: Allura ta soke ni daga cikin ledar shara. Na yi shiru don tsoron aikina.

'Yar'uwa, wannan shirun ya tayar mini da hankali. Laifin na wanda ya jefa allura a leda ne, wurinta akwatin roba mai kauri. Ƙwayar ciwon hanta B kan kai kwana 7 da ranta a busasshen jini. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ki tsotse. Maganin kariya daga HIV kuma cikin awa 72 ake fara shi, gara ma a awannin farko. Ki je sashen gaggawa yau, ki faɗa musu ranar da abin ya faru da ko an taɓa yi miki rigakafin hanta.