Wane kayan aiki zan fara saye don gyaran tsohuwar Peugeot 404?

Malam, ka ce ka gaji 404 ta mahaifinka a unguwar Birni ta Damagaram, kana son tashe ta a gida. Allah ya jiƙan tsoho.

Fara da sifana masu awon milimita, daga lamba 8 zuwa 19. Na inci za su cinye maka kan noti, don motar Faransa ce. Na hannu masu nauyi a Kasuwar Dole sun fi sababbi masu walƙiya, ni dai haka na gani.

Jak kuwa, kada ka shiga ƙarƙashin mota shi kaɗai ke riƙe da ita. Tokare da kututturen itace mai kauri, bulo yana farfashewa. Notin da ya ƙi, jiƙa shi da gazuwal, wato man dizal, ya kwana. Injin walda bari tukuna, Damagaram ba ta rasa masu walda.