Ƙura, hazo da hayaƙi: wanne ne yake lafawa?

Wani malamin firamare daga wani ƙauye kusa da Ringim ya aiko da tambaya. Ya ce a rediyo yana jin ana haɗa ƙura da hazo da hayaƙi a kira su "gurɓatar iska", shin dama abu ɗaya ne? Sannan mene ne asalin cewa "ƙura ta lafa"?

Malam, Bahaushe bai raba sunayen nan a banza ba. Ƙura daga ƙasa take tashi: kofaton shanu ran kasuwa, motar da ta bi hanyar burji, tsintsiyar tsakar gida. Turɓaya ce da ta hau iska, shi ya sa in masana suka auna ta sukan tarar da abin da ke cikin ƙasar: silika irin ta rairayi, alminiyam, ƙarfe da kalsiyam. Ƙwayoyinta manya ne in an gwada su da na hayaƙi. Suna cikin rukunin da ake kira PM10, wato waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 10 ba, alhali silin gashin kai guda yakan kai 70. Nauyinsu ke saukar da su. Daga nan aka samo "ƙura ta lafa": rigima ta tashi ta rufe ido, in an jima ta kwanta, kowa ya ga ɗan'uwansa.

Hazo kuwa ƙura ce matafiyiya. Mafi yawan wanda ke rufe mana rana da hunturu daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake, inda tsohon tafki ya ƙafe. Manyan ƙwayoyin sun zube a hanya, masu laushin ne ke isowa Kano da Jigawa.

Wanda ya fi damuna shi ne hayaƙi, domin shi ɗan wuta ne. Ku shiga madafin da ake girki da kara, ku ɗaga kai ku dubi azara. Baƙin nan mai maiƙo da ya manne, sunansa kunkunniya, kalmar da yaranmu suka fara mantawa. Abin da ya yi wa azara haka, shi uwar gida ke shaƙa safe da yamma da goyo a baya. A birnin Kano kuma ga salansar babur da mota, ga janareta, ga bolar da ake cinna wa wuta. Ƙwayoyin hayaƙi na rukunin PM2.5 ne, wato waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba: baƙin kabon, da salfet da naitiret da ke haɗuwa a sama daga iskar da injuna ke fitarwa. Gashin hanci da majina na tare mafi yawan ƙura, ka fyace ka ga ja-ja a hankici. Ƙwayoyin hayaƙi kuwa wucewa suke har ƙuryar huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, iyakar PM10 a shekara maikirogiram 15 ce a kowace mita kubik ta iska, ta PM2.5 kuwa 5 kacal. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Don haka ban taɓa jin Bahaushe ya ce "hayaƙi ya lafa" da nufin ya kwanta ƙasa ba. Cewa yake ya baje ko ya washe, wato ido ya daina ganinsa. Ƙwayoyin suna nan a iska, sukan yi kwanaki kafin ruwan sama ya wanko su, kuma da rani babu ruwan.