Na Cika Gwangwani Uku Da Sulallan Canji, Ina Zan Sami Mai Saye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da ɗaiɗai, canji yana ratsa hannuna da yawa kullum. Kusan shekara biyu ke nan ɗan yayana ya nuna mini a waya yadda ake sayar da wasu sulalla da takardun kuɗi a intanet, har na ga sile ɗaya da aka sa wa farashin mota guda. Tun daga nan duk silen da na ga ya tsufa ko zanensa ya bambanta, da duk takardar da lambarta ta burge ni, sai in ware. Yanzu na cika gwangwani uku da ambulan guda. Yaron ya duba ya ce abin da na tara ya ninka jarina sau 10. Har na fara tunanin rage saro kaya in riƙa sayen canji a hannun maƙwabta. Ina zan sami mai saye na gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu kai ga mai saye, ka fara goge wannan "sau 10" daga kanka. Wa ya taya? Babu wanda ya taya. Wani ne da ba ka sani ba ya ɗora hoton kayansa ya rubuta adadin da ransa ke so, yaro ya gani ya kawo maka, kai kuma ka shigar da shi cikin lissafin dukiyarka. Abin da ya fi damuna shi ne kai ɗan kasuwa ne. Ka san cewa kaya ba ya da farashi sai mai saye ya taya, mai kaya ya sallama, kuɗi ya fito daga aljihu. Da wani ya zo ya ce maka buhun da ke rumbunsa ya kai miliyan domin haka ya sa masa, za ka tambaye shi wanda ya biya. Me ya sa da aka zo kan sulalla ka bar wannan tambayar?

A shafukan gwanjo irin su eBay kowa yana iya ɗora sile ya sa masa duk adadin da ya ga dama. Ga misalin da ya daɗe yana ruɗin mutane. Lokacin da aka fara kashe kuɗin yuro a 2002, ƙasar Girka ba ta iya buga duka sulallanta a gida ba, sai aka buga wani kaso na silen yuro 2 a ƙasar Finland. Aka sa ƙaramin harafin S a cikin ɗaya daga taurarin jikinsa, domin Suomi ne sunan Finland a harshen mutanenta. Gomman miliyoyi aka buga. Amma har yau za ka ga an ɗora shi ana cewa kuskuren bugu ne mai wuyar samu, an sa masa dubban yuro. Wanda ya riga ya sha hannu darajarsa yuro 2 ce, ko ɗan abin da ya ɗara haka. Ina da yaƙinin rabin abin da ɗan yayanka ya nuna maka irin wannan ne. Shafin eBay yana da wurin da ake duba kayan da aka riga aka sayar da adadin da aka biya. Can za a duba, kuma kar a tsaya kan ciniki ɗaya, a jera goma a ɗauki na tsakiya.

Ba ina ce maka babu kuɗi a harkar ba ne. Akwai, kuma labaran da ake bayarwa wasu gaskiya ne. A 1943 Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe domin ana buƙatar jan ƙarfe wajen yaƙi, sai wasu 'yan ƙalilan suka fito da tagulla bisa kuskure. An sayar da ɗaya a 2010 a kan dala miliyan 1.7. Sai dai waɗanda aka sani na gaske a duniya 'yan gommai ne kawai, na baƙin ƙarfen kuwa sun haura biliyan 1. Saboda wannan labarin ne 'yan damfara suke shafa wa na baƙin ƙarfe ruwan tagulla, ko su kankare lambar 8 ta 1948 ta koma kamar 3. Mayen ƙarfe kaɗai yana tona asirin na farkon, domin yana kama shi. A Ingila kuma akwai silen rabin fam na 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew da ke Landan, guda 210,000 kacal aka sake cikin kasuwa, kuma an sha sayar da shi sama da fam 100. Wannan ana tsintarsa a canji da gaske. Amma ka auna 210,000 da ɗaruruwan miliyoyin sauran sulallan rabin fam da ke yawo, sannan ka auna yawan idanun da suka riga ka nemansa tun shekaru.

Ka lura da abin da ya sa waɗannan suka yi tsada. Tsufa ba ya ciki. Kwabon 1943 bai kai shekara 100 ba, alhali akwai kuɗin tagulla na daular Rumawa masu shekara sama da 1,500 da ake sayarwa a kan 'yan daloli, domin an haƙo su jibgi guda. Abu uku ne ke haɗuwa: ƙarancin abin, lafiyar jikinsa, da yawan masu sonsa da ke da kuɗin biya. In ɗaya ya faɗi, farashi ya faɗi. Kai kuwa ma'auninka shi ne "ya tsufa" da "ya burge ni".

Kan lafiyar jiki zan ɗan tsaya, domin nan ne mai tsintar canji yake cutuwa bai sani ba. Masu wannan sana'a suna auna sile da mizani mai hawa 70, wanda aka fara amfani da shi a Amurka tun 1949. Hawa 60 zuwa 70 na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba ne. Sau da yawa adadin da kake gani a waya na waɗannan ne, an tantance su an rufe a cikin roba mai hatimi. Sile iri ɗaya, shekara ɗaya, na hawa 65 zai iya ninka na hawa 20 sau gommai. Abin da ya zo hannunka ta canji kuwa ya gogu da aljihu, ya sha gumi, gashin kan hoton ya shafe, gefensa ya daku. Takardar kuɗi ta fi haka laushi: ninki ɗaya a tsakiya ya isa ya sauko da ita daga sahun farko, balle rubutun biro ko hujin allurar maƙala takardu. Kamfanonin da ke tantancewa, irin su PCGS da NGC, kuɗi suke karɓa kan kowane guda, ga kuɗin aikawa da inshora. Idan sile bai kai wani abin kirki ba, kuɗin tantance shi ya fi shi.

Kuma don Allah kar ka wanke ko ɗaya. Na san wani bawan Allah da ya gaji 'yan sulallan azurfa, cikinsu akwai biyu da dillali ya nuna sha'awa a kai da ya ga hoto. Daren da zai kai su ya zauna da man goge ƙarfe da tsumma ya murje su har suna ɗaukar ido. Dillalin ya ɗaga ɗaya a ƙarƙashin fitila, ya juya shi a hankali, ya nuna masa siraran zane-zanen da tsumman ya bari, ya ce yanzu sai dai a auna a biya kuɗin azurfar. Wannan duhun da kake gani kamar dauɗa, shi mai tarawa yake biya.

Yanzu mu koma inda kuskurenka yake ci maka kuɗi a zahiri. Abin da ke cikin gwangwanayen nan daga jari ya fito. Kuɗin ciniki ne da ya kamata ya koma saro kaya, kuma na tabbata ba ka rubuta ko sau ɗaya nawa ka ware ba, tunda a wasiƙarka ka ƙirga gwangwani ba ka ƙirga kuɗi ba. Mu ɗauka jarinka 100,000 ne a kowane irin kuɗi kake ciniki, 20,000 kuma suna kwance a gwangwani. Idan kayanka yana juyawa sau ɗaya a wata da ribar 5 cikin 100, wannan 20,000 ɗin tana kawo 1,000 duk wata. A shekara biyu 24,000 ke nan, ta fi uwar kuɗin kanta. Ƙara da hauhawar farashi da ke cin abin da aka ajiye. Ba duka ka ware a rana ɗaya ba, saboda haka asarar ba ta kai haka ba, amma ka ga hanyar lissafin. Ba ka ji zafin wannan asara ba domin a ranka ka riga ka rubuta riba sau 10 a ɗaya gefen.

Akwai kuma haɗarin da mai ajiye takardun kuɗi yake mantawa: gwamnati tana iya janye su. A daren 8 ga Nuwamba 2016 Indiya ta soke takardun rufi 500 da 1,000, kusan kashi 86 cikin 100 na darajar tsabar kuɗin da ke hannun jama'a, aka ba mutane zuwa ƙarshen Disamba su kai banki. Faransa ta rufe ƙofar canza tsofaffin takardun faran a Fabrairun 2012, wanda ya makara ya tashi da takarda. Jamus kuwa har yanzu babban bankinta yana karɓar tsohon kuɗinta, wato mak. Kowace ƙasa da dokarta, ka san ta inda kake, har da abin da ta ce kan sayar da kuɗin da ake kashewa sama da darajarsa da kuma narka sile.

Maganar lambobin jikin takarda, mafi yawan abin da ke burge mutum ba ya burge kasuwa. Abin da ake nema sananne ne: lamba ta can farko mai jerin sifiri a gaba, lamba iri ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ke hawa a jere, wadda ake karantawa daidai ta gaba da ta baya, da takardar da aka buga don maye gurbin wadda ta lalace wajen bugu, wadda a Amurka ake sa mata tauraro. Da Bankin Ingila ya fitar da takardar fam 5 ta roba a 2016, an yi gwanjon mai lamba AA01 000017 a kan fam 4,150, sabuwa fil, daga bankin kai tsaye. Sai jama'a suka bi duk mai AA01 suna ɓoyewa, alhali wannan rukunin kaɗai ya kusa guda miliyan 1. Takardar da ta ƙare da 777 ko ta yi kama da shekarar haihuwarka, kashe ta.

Tunanin rage kaya ka sayi canjin maƙwabta kuwa, ka binne shi yau. Za ka bar sana'ar da ka sani, mai riba ƙanƙanuwa amma tabbatacciya, ka koma tankaɗe tsaba da idon da bai san abin da yake nema ba. Waɗanda suka ci irin wannan riba a tarihi sun san takamaiman abin da suke bi. Da Amurka ta cire azurfa daga sulallan santi 10 da santi 25 a 1965, mutane sun san cewa na 1964 zuwa baya kashi 90 cikin 100 azurfa ne, suka tsince su cikin 'yan shekaru. Yau ba kasafai ake cin karo da su ba. Abin da ke da daraja a fili ba ya daɗewa a canji.

Ka tambayi mai saye na gaskiya, to ga yadda za ka gane na ƙarya, domin shi zai fara zuwa. Da ka ɗora hoto a Facebook ko WhatsApp, wani zai bugo ya taya da adadin da ya fi wanda kake mafarki, ba tare da ya riƙe silen ba. Sannan ya ce a biya kuɗin rajista, ko na takardar shaida, ko na kwastan. Wata mata da ta zo wurina ta riga ta biya sau uku, kowane biya ana ce mata shi ne na ƙarshe, ta ci bashi ta yi na ukun. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai saye na gaske kuɗi yake ba ka, ba ya karɓa daga gare ka, kuma yana taya ƙasa da farashin da ka gani, domin shi ma sayarwa zai yi. Gidan gwanjo zai cire la'adarsa. Ka sa ran rabi zuwa kashi biyu cikin uku na farashin kasuwa idan dillali ka kai wa, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Zazzage gwangwanayen a kan tabarma ko tebur, ka ƙirga su da darajar da aka rubuta a jikinsu, ka shigar da adadin a littafinka. Wannan shi ne abin da ka mallaka har sai wani ya biya fiye da haka. Ka ware su bisa ƙasa da shekara, ka nemi kundin masu tarawa ka duba guda nawa aka buga na kowanne. Duk wanda aka buga miliyoyi kuma ya sha hannu, ya koma aljihun ciniki. Ina tsammanin abin da zai rage ba zai cika tafin hannu ba. Waɗannan ka riƙe su ta gefe, ka sa kowanne a 'yar takarda daban, takardun kuɗin kuma a shimfiɗe ba ninki, nesa da danshi. Ka kai wa dillalai biyu da ba su san juna ba, kar ka faɗa musu adadin da kake so, bari su taya.

In kana jin daɗin abin, ka ci gaba, tarawa sha'awa ce mai kyau kuma tana koya wa mutum tarihi. Amma ka yanke mata ƙayyadadden kuɗi daga ribarka duk wata, ka rubuta shi a sahun abin da ka kashe wa kanka. Shi kuma ɗan yayanka, ban ga alamar yana son cutarka ba, bai taɓa sayar da ko sile ɗaya ba ne kawai. Ba shi guda biyar da ya fi yabawa ya sayar, ku yi yarjejeniyar kason da zai ɗauka, ka rubuta ranar da ya karɓa da abin da ya kawo bayan an cire kuɗin aikawa da la'adar shafin.