Amsa ga mai son haɗa samfurin yaƙin Kano na 1903

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana son haɗa ƙaramin fagen yaƙin da Turawa suka ci Kano, da 'yan sojojin roba, har da dawakai suna sukuwa a gindin ganuwa, kana tambayar ta ina za ka fara. To, na daɗe ina wannan wasa, kuma shawarata ta farko ita ce ka cire dawakan nan.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 da Kanar Morland, jagoran rundunar Turawa, ya iso, Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Faɗan na ganuwa ne: igwa tana dukan ƙofa, 'yan baka da 'yan bindiga suna kan badala, har rundunar Turawa ta samu shiga ta wajen Ƙofar Kabuga. In dawaki kake so, yaƙin Kwatarkwashi za ka yi, inda a ƙarshen watan su Wazirin Kano Ahmadu suka afka wa sojojin Turawa da suka ja daga mai kusurwa huɗu. Zaɓi ɗaya. Mai cusa biyun a katako guda, duk wanda ya san tarihi da kallo ɗaya zai gane.

Sikeli kuwa ka tsaya a 1:72, wato santimita ɗaya a samfurin daidai yake da santimita 72 a zahiri. Soja bai wuce santimita biyu da rabi ba, bango mai mita goma zai zama santimita 14. Ƙofa ɗaya da ɗan yankin ganuwa sun isa. Kada ka ce sai ka zagaye birni.

Ganuwar ce aikin. Soson kwalin firji ko talabijin za ka yanka, gindi da faɗi, sama a tsuke. Kada fentin feshi ko sufa gulu ya taɓa shi tsirara, narkar da shi yake nan take. Ka tankaɗe jan ƙasa da rariyar tuwo, ka dama da farin gam na kafintoci da ɗan ruwa, ka shafa da yatsa, ba da buroshi ba. Sawun yatsan nan shi ke ba da kamar yaɓe na gaske. Shafi biyu sirara, ka bar na farko ya bushe sarai, in ka yi kauri tsagewa zai yi. Inda igwa ta fasa, murza 'yan tubala kamar ƙwayar gero ka zube su. Kar ka manta ramin da ke gaban ganuwa da ƙayarsa, busasshen saiwar ciyawa na yin wannan.

Lokacin hunturu ne, saboda haka koren ciyawar da ake sayarwa ba ta da wuri a nan. Warware igiyar buhu, yayyanka, dasa jefi-jefi.

Sojojin ne matsala, don da wuya ka samu kwalin mayaƙan Kano. Abin da nake yi, in sayi na Larabawa ko na Mahadiyyan Sudan, in yi musu riga da rawani da takardar tishu jiƙe da gam. Kafin fenti ka wanke su da omo, robar tana da maiƙo, in ba haka ba fentin zai ɓare. Wani abin da mutane ke kuskurewa: rundunar Morland ba fararen fata ba ce. Turawan 'yan kaɗan ne, galibinsu manya da ƙananan hafsoshi, sauran galibi Hausawa ne da Yarbawa. Soja ashirin, Bature ɗaya ya wadatar. Su ma 'yan gari kada ka yi musu riguna fari tas, ka dusashe su da ruwan ƙasa.

In kana Kano, leƙa gidan tarihi na Gidan Makama ka ga tsofaffin hotuna da kayan yaƙi da idonka kafin ka taɓa buroshi. Hayaƙi kuma ɗan audugar asibiti a bakin igwa kawai, kar ka cika. Da ka gama sa mai gilashi ya yi maka murfi, don ƙura ba ta gogewa a kan irin wannan aiki. Turo hoton ganuwar kafin ka liƙa sojoji, a lokacin ne gyara ke da sauƙi.