Allo ne gaba ko lakwal?

Ɗiyata Hadiza, saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin na kai ƙarshensa. Kin ce iyayen yaran ajinki na CI, wato ajin farko na firamare, sun dage cewa al'ada ce yaro ya fara babbaƙu a makarantar allo kafin a kai shi lakwal, wato makarantar boko, ke kuwa kina ganin hakan na rikita musu hannu, tun da sun saba jan alƙalami daga dama, ga shi kina so su fara daga hagu. Shin al'adar dole ce, ko ki ba iyaye shawara su dakata da allon? Dariyar ba ta daɗe ba, domin idan maganar dakatar da allo ta fito daga bakinki a cikin Birni, ba ke kaɗai za a zaga ba, har da mu iyayenki.

A zamaninmu, ƴan shekaru bayan Nijar ta samu mulkin kai a 1960, babu wanda ya tsaya yin wannan tambaya. Mai unguwa ne yake bi gida gida yana rubuta yara, wasu iyayen har ɓoye nasu suke yi, kuma duk wanda aka kama ya riga ya san allo. Da asuba muna gaban malam, da hantsi muna gaban mushe, wato malamin lakwal, bayan magariba mu koma gindin wuta. Malam ba ya barin yaro ya taɓa farfaru sai ya san kowane baƙi da sunansa, ba guje, ta guje, jim ƙarami koma baya, ko da a tsakiyar allo aka ɗora masa yatsa.

Akwai wani yaro a ajinmu, ɗan Zango, wanda aka kawo ya girme mu, ya yi nisa a allo. Ranar farko ya ɗauki alli ya fara daga dama a kan ardwaz, wato ƙaramin allon ɗan lakwal, mushe ya ba shi kashi, mu kuma muka sa masa suna Bahago, alhali da dama yake rubutu. Mu dai mun iya rera darasi. Mushe ya buga sanda a tebur, aji duka ya ɗauka da murya ɗaya, har masu wucewa a hanya su ce yaran nan sun iya Faransanci. Wata safiya da sanyi, hazo ya rufe gari, sufeton makarantu ya shigo ba sanarwa. Muka miƙe muka gaishe shi, mushe ya nuna babban allo, muka rera jimlolin daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, yana ta murmushi. Sai sufeto ya karɓi sandar, ya ɗora ta a kan kalmar ƙarshe ta layi na uku, ya nuna yaron da ya fi kowa ɗaga murya. Yaron ya karanto kalmar farko ta layin farko. Aka nuna na biyu, shi ma haka. Aji ya yi tsit, gumi na tsattsafo wa mushe a cikin wannan sanyi. Da aka zo kan Bahago, sai ya matsa kusa, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana motsa leɓe kamar yadda ake yi a gaban malam, ya haɗa su, ya faɗi kalmar. Lafazinsa ya karkace, kuma bai san ma'anarta ba, amma duk inda sandar ta sauka sai ya fitar. Sufeto bai ce wa mushe komai a gabanmu ba, sai dai washegari aka koma da mu kan a, i, o.

Da na ba mahaifina labari, kakanki ke nan, Allah ya jiƙansa, cewa ya yi malaminsu yakan ce wanda ya haddace bai karanta ba tukuna, sai an rufe masa sama da ƙasa an bar masa tsakiya. Kakarki kuma abin da ta ce shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba ta ga dalilin da hannun da ya koyi zuwa gabas zai kasa koyon zuwa yamma ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a lokacin shi ne harshe. Ana rataya wa yaro simbol, wata alamar horo, a wuya idan ya yi Hausa a harabar lakwal, saboda haka muna furta abin da ba mu fahimta ba. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin a shigo musu da Faransanci, kuma na ga yaran da suka fito daga cikinta suna karanta wa iyayensu wasiƙa suna gane abin da ke ciki. Yanzu da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ina mamakin yadda ku malaman yau kuke jin kunyar rubuta ƙ da ɗ a babban allo.

Kuma ku ma kun koma rerawa. Ina wucewa ta gefen azuzuwan zana ina jin muryoyi sun cika unguwa, na san da za a ɗora sanda a tsakiyar layi da an ji shiru. Kuna gaggawar ƙare manhaja, waya na hannu, yaro na bayan aji ba a taɓa kiran sunansa ba tun Oktoba. Batun hannu kuwa, ki sa wa kowane yaro ɗigo a kusurwar hagu ta ardwaz ki ce daga nan ake tashi. Ki rubuto mini yara nawa ne a ajin naki, kuma nawa ne a cikinsu ba su da ardwaz ɗin ma.