Me ke jan matasa ga gyaran zanen anime da manga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena kan raba dare yana yanka zanen 'yan Japan a waya, ya sa masa launi da kiɗa, ya ɗora a TikTok, mutane kuma su yi ta kallo. Mene ne abin sha'awa a gyara zanen da wani ya riga ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amsar tana farawa ne daga zanen kansa. Manga, wato littattafan labari cikin zane na Japan, galibi baƙi da fari ake buga su, a takarda mai araha. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda ta fara fitowa a 1968, har yau haka take buga yawancin shafukanta. To mai karatu da ya daɗe da jarumi a zuciyarsa yana da nasa launin a kai: yadda wuta za ta haska fuskarsa, irin jan da rigarsa za ta yi. Da ya samu manhajar zane irin ibisPaint, sai ya zauna ya cike gurbin.

Anime kuma, wato fim ɗin zane mai motsi na Japan, yana da layuka fayyace da launi shimfiɗe, ba kamar fim na mutane ba. Shi ya sa cire jarumi daga bayan hoto bai da wuya. Duba aikin ƙanenki da kyau: zai ɗauki daƙiƙa biyu na zare takobi, ya rage gudunsa, ya sa walƙiya ta faɗo daidai bugun ganga. Nan gwanintar take, kuma masu kallo sun san bambancin wanda ya dace da kiɗan da wanda ya kuskure. Labari kamar One Piece, da Eiichiro Oda ya fara a 1997, ya wuce babi dubu. Gyaran daƙiƙa ashirin kan tattaro abin da ya taɓa zuciyar mutum a cikinsa, wanda ya sani ya gani ya tuna, wanda bai sani ba ya shiga neman labarin.

Abin ba yau ya fara ba. Tun 1975 ake kasuwar Comiket a Tokiyo, inda masoya ke sayar da littattafan da suka zana da jaruman wasu, kamfanoni kuwa galibi su kau da kai domin sun ga yana ƙara wa hajarsu farin jini. Ƙungiyar mata masu zane ta CLAMP ma daga irin wannan aiki ta taso. A Amurka, tun shekarun 1980 wasu ke haɗa na'urar bidiyo biyu suna jera anime kan waƙa. Waya da manhajar gyaran bidiyo ta CapCut sauƙi kawai suka kawo.

Inda nake da damuwa shi ne ƙananan masu zane. Da yawa suna ɗora aikinsu a Pixiv, wani shafin intanet na masu zane, su rubuta ƙarara cewa kada a kwafa ba izini, amma sai a ɗauka, a goge sa hannunsu, a yaɗa. Mutum ya yi kwanaki kan zane ɗaya, wani ya kwashi yabon. Wannan zalunci ne. Ki ce wa ƙanenki ya riƙa neman izini, ya rubuta sunan mai zanen a ƙasan kowane bidiyo, in mai shi ya ce a sauke, ya sauke nan take.