Amsa ga mai tsoron hifnosis: an yi mini, ga yadda abin yake

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun da asuba na ga tambayarki, na ce sai na sallami yara makaranta in zauna in amsa miki a tsanake. Kin ce fargaba da ciwon ciki sun hana ki sakat shekara biyu, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, likita ya tura ki wurin masaniyar halayyar ɗan Adam, ita kuma ta ambaci hifnosis, wato jinyar da ake yi da magana, a sa mutum ya saki jiki ya tattara hankalinsa wuri guda. Kina tsoron ko sihiri ne, ko a sa ki tona asirin cikinki, ko ki tafi ki kasa dawowa. Hajiyarku kuma ta ce ba 'yarta za a kai asibitin mahaukata ba.

Ni an yi mini. Lokacin da maigidana yake karatu a arewacin Ingila, cikina ya sa ni a gaba: yau kumburi, gobe zawo, jibi ba ko ɗaya sai murɗa. Ko gidan suna aka gayyace ni, abin da na fara tambaya shi ne ina banɗaki yake. Aka duba jini, aka duba bayan gida, aka zura mini na'ura, daga ƙarshe aka ce ciwon nan ne da likitoci ke kira IBS, wato hanjin lafiyarsa lau idan an duba, amma ya cika saurin harzuƙa, kuma damuwa na ƙara masa wuta. Na fi shekara ina shan magani ba wani sauƙi, sannan aka ce in gwada hifnosis. Wallahi mako uku takardar tana cikin jakata ban kira su ba.

Rabin tsoron nan sunan ne ya jawo shi. Larabawa suna ce masa tanwimul magnaɗisi, wato sa barci ta hanyar maganaɗisu, alhali babu barci a ciki, babu maganaɗisu. Maganaɗisun ya samo asali ne daga wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, wanda ya tare a Paris a 1778 yana cewa akwai wani ƙarfi ɓoyayye da ke fita daga jikinsa ya shiga na majinyaci. Mutane suka yi ta faɗuwa suna shure-shure a gabansa. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamitin bincike, cikinsu har da manyan masana kimiyya Benjamin Franklin da Lavoisier. Wani almajirin Mesmer ya shafa wa wata bishiya wannan ƙarfi nasa, aka ɗaure wa wani yaro ido aka ce ya nemo ta, sai ga yaro ya sume a jikin bishiyar da ba wanda ya taɓa. Kwamitin ya ce babu wani ƙarfi, tunanin mutum ne ke aiki a jikinsa. Barcin kuma daga James Braid ne, wani likitan tiyata a Manchester, wanda ya aro kalmar barci ta Girkanci a littafinsa na 1843. Shi kansa daga baya ya gane ba barci ba ne, tattara hankali ne wuri guda, ya so ya canza sunan, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ranar farko na shiga ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Matar da za ta yi mini ba ta riƙe agogo tana lilo da shi a fuskata ba, ba ta kunna turare ba. Kujera ce mai kwantawa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci. Zaman farko ma hira kawai muka yi. A na biyu ta ce in lumshe ido, in bi numfashina, in saki kafaɗu, in ɗora hannu a ciki in ji ɗuminsa yana ratsawa. Sai ta ce in ɗauka hanjina kogi ne, in yana gudu da yawa in rage masa, in ya tsaya in buɗe masa hanya. Duk abin da take faɗa ina ji. Na ji wani ya tayar da mota a waje. Hancina ya yi ƙaiƙayi na sosa. Har na tuna ban fitar da nama daga firij ba.

Kin taɓa shiga mota daga Kano zuwa Zariya, tunani ya ɗauke ki, sai kawai ki ga ashe an wuce Kwanar Dangora ba ki sani ba? Ko ki nutse cikin wasan kwaikwayo na rediyo har miya ta kama? To kusan haka ne, sai dai a nan da gangan ake shiga, kuma ke kike riƙe da linzami.

Batun tona asiri, ba ya faruwa. Wanda ake wa hifnosis yana iya yin shiru, yana iya ƙin amsawa, yana ma iya shirga ƙarya. Akwai ranar da ta ce in ɗauka ina kwance a bakin teku, ni kuwa ruwa mai yawa tsoro yake ba ni, na buɗe ido na ce a canza. Muka koma inuwar darbejiyar gidan kakata. Maƙalewa ma babu. In mai yi miki ta tashi ta fita, ko dai ki buɗe ido ki ga shiru, ko barcin gaske ya ɗauke ki ki farka kamar kullum. Sau biyu ina yin minshari a kujerar nan, kunya kamar in nutse.

Abin da kike gani a bidiyo, mutum yana cara kamar zakara a kan dandamali, sana'ar nishaɗi ce. Mai wasan yana tace 'yan kallo ne ya zaɓi waɗanda suka fi saurin bi kuma suke son a kalle su. Mutane sun bambanta a wannan, tun 1959 aka fitar da ma'aunin gwada hakan a Jami'ar Stanford, kuma masu nutsewa sosai kamar kashi 10 zuwa 15 ne cikin ɗari. Akwai kuma waɗanda ko gezau. Ba raunin hankali ba ne, ba raunin imani ba ne.

Na addini kuwa, ba zan ɓoye miki ba, akwai malaman da suka haramta, har da kwamitin fatawa na Saudiyya, domin abin da suka siffanta shi ne mutum ya yi amfani da aljani ya mallaki wani har ya riƙa ba da labarin gaibu. In haka ne, ai ba sai an tambaya ba. Ni abin da na yi, na zayyana wa malaminmu duk abin da ake yi a ɗakin, ban kira masa suna ba. Ya tambaye ni ko ana kiran wani abin da ban fahimta ba, ko ana da'awar sanin gaibu, ko ina kaɗaita da namiji. Ke ma ki kai wa malamin da kika amince da shi siffar abin, ki ji ta bakinsa. Azkar ɗina da addu'o'ina ban bar ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce in bari.

Inda nake so ki yi hattara, ba nan mutane ke kallo ba. Duk wanda ya ce zai mayar da ke yarinta ya tono miki abin da kika manta, ki ɗauki jakarki. Ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce da za a mayar baya. A cikin wannan yanayi mutum na iya ƙaga abin da bai faru ba, ya kuma rantse ya faru. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 1985, amma duk da haka a shekarun da suka biyo baya gidaje da dama sun watse a can, 'ya'ya suna zargin iyaye da abin da aka dasa musu a ɗakin jinya. Haka kuma ba a yi wa mai jin muryoyi ko ganin abin da babu, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da magani. Kuma a wurinmu sai an tabbata ba gyambon ciki ba ne, ba tsutsa ba. In kina ganin jini a bayan gida ko kina ramewa, ki koma wurin likitan ciki kafin komai.

Ya yi mini aiki? Zama 12 na yi cikin wata uku, da muryar da ta naɗa mini nake saurare kullum. Har zama na biyar ban ga komai ba, na kusa dainawa. Daga nan murɗar ta fara ja baya. Ban warke tas ba, har yau in na cika yaji ko raina ya ɓaci cikina yana tuna mini, amma ina zuwa biki in zauna har a tashi. Wannan salon hifnosis na hanji wani likita Peter Whorwell ne ya fara gwada shi a Manchester, ya wallafa sakamakon a 1984, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi cikin abubuwan da ake gwadawa idan magani ya shekara bai yi ba. Wata da muka fara tare ita ba ta ji komai ba.

Fargabar kuwa, gaskiya ba hifnosis ne ya fi taimaka mini ba, CBT ne, wato zaman da ake koya miki kama tunanin da ke tayar miki da hankali ki auna shi, sannan ki riƙa tunkarar abin da kike gudu kaɗan-kaɗan. Yawanci zama 6 zuwa 20 ne, da aikin gida kamar 'yar makaranta. Abin da kika faɗa a ɗakin amana ne, ba a kai wa miji ko uwa, sai fa in ana tsoron za ki cutar da kanki ko wani. In an haɗa miki da maganin damuwa, yakan ɗauki makonni kafin ki ji aikinsa, kada ki yar da shi a kwana huɗu, kada kuma ki yanke shi rana ɗaya ba da sanin likita ba.

Ki tambayi matar nan abin da ta karanta, da inda ta koyi hifnosis, da zama nawa take hasashe, da abin da za a yi in bai yi ba. Ƙwararriya ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya yi kwas na mako biyu a intanet ya buga kati, ya ce zama ɗaya ya isa, shi ne zai ɓata rai.

Hajiya kuma kada ki ja da ita. A zamaninsu ba a kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware sai abu ya kai ga ɗauri, dole gabanta ya faɗi. Dokar da aka daɗe ana aiki da ita ma ta 1958 ce mai kiran majinyaci mahaukaci, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwa. Farfesa Lambo da ya fara jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro na Abeokuta a 1954, tare da danginsu yake karɓarsu, don ya san a ƙasar nan ba a jinyar mutum shi kaɗai. Ki roƙi masaniyar ta bari Hajiya ta shiga zaman farko ta ga ɗakin da idonta, ta yi tambayoyinta. Tawa uwar ta waya na sa mata muryar da aka naɗa mini, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Au, wannan ne? To turo mini, ko na samu barci."